Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gayaunata a Bayan Zauren Manoma

A makon jiya na tsaya ne a inda hunturunmu na farko a jihar Maine ta Amurka ya kusa taɓa min hankali. Baban yara ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu, don a watan Disamba tun wajen ƙarfe huɗu rana take faɗuwa. Ni da na tashi a gidan da ba a rufe ƙofar zaure sai bayan isha'i, sai ga ni ina kwana uku ban ji sallamar kowa ba.

Gwangwanayen tumatir ne suka fito da ni. A watan Afrilu na jera su a bakin taga, na zuba ƙasa, na shuka irin kuɓewa da yakuwa da alayyafo da na saya ta intanet, don kawai in ga wani abu kore. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai shekara 78 da mijinta ya rasu ya bar ta da gonar shanu wadda babu shanun, ta hango su ta ƙwanƙwasa ƙofa. Yara suna ce mata Kaka, ni kuwa Iya nake ce mata, kuma da na gaya mata ma'anar sunan ta karɓa hannu bibbiyu. Ta ce abin da ke cikin gwangwani ba ya zama abinci, in zo Grange ranar Asabar a ba ni fili.

Ginin na san shi, kullum muna wuce shi a mota. Farin bene ne na katako a bakin titi, kuma ni duk zatona coci ne. Na gaya wa baban yara, ya ce, "Ki je ki gani mana. In coci ne ki gaishe su ki dawo."

Ashe ƙungiyar manoma ce. Iya ta ja ni gaban hotunan da ke jikin bango, ta nuna min kakanta da gemunsa har ƙirji, tana ba ni labari kamar yadda tsofaffinmu ke jero asalin gida. Wani manomi daga Minnesota, Oliver Kelley, shi da abokansa suka kafa ta a 1867, bayan ya zagaya kudancin Amurka ya ga yadda yaƙin basasa ya bar manoma. Kamfanonin jirgin ƙasa da masu rumbunan ajiyar hatsi suna yanka musu kuɗin da suka ga dama, sai manoman suka haɗa kai har jihohi suka yi dokar ƙayyade farashi, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da ita a 1877. Akwatin wasiƙar da ke bakin ƙofata ma, in ji Iya, da matsin lambarsu gwamnati ta fara kai wa mutanen karkara wasiƙa har gida a 1896. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tun farkon kafuwarta mata ke shiga da cikakkiyar ƙuri'a, har da kujeru huɗu da aka keɓe musu, alhali matan Amurka gaba ɗaya ba su samu ikon zaɓe ba sai 1920. Yanzu dai ƙungiyar ta tsufa tare da masu ita. A ranar na ƙirga mutum goma sha tara, uku ne kawai ba su da furfura.

Suka auna min fili a bayan ginin, taku goma a tsaye, taku goma a kwance. Da na tsaya a kansa sai na tuna gayaunar Innarmu, wadda Baba ya yanka mata a gefen gandu, da kuɗin gyaɗarta ta yi mana kwanukan aure. Na juya baya na share ido kada a gani.

Iya ta gargaɗe ni kada in dasa komai sai ƙarshen Mayu, bayan hutun tunawa da sojoji. Ni kuwa ina ganin rana ƙwal a tsakiyar wata, na ce a raina tsohuwar nan za ta koya wa 'yar manomi noma ne? Na kwashe gwangwanayena na dasa. Kwana huɗu raɓar ƙanƙara ta sauka da dare, da safe na iske kuɓewata ta yi baƙi ta kwanta kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Iya ba ta ce uffan ba, ta kawo min baƙar leda ta nuna min yadda ake shimfiɗa ta kan kunya don ƙasa ta riƙe ɗumi. Na sake shuka. Duk daminar, ƙwaya goma sha ɗaya na tsinka, na ƙirga su. Yakuwa ta yi ganye amma sanyin Satumba ya riske ta ba ta yi fure ba.

Alayyafo kuwa kamar a Kano. Sai wata Asabar na iske wani dattijo durƙushe a gayaunata, ya tumɓuke kusan rabinsa ya tara gefe, yana murmushi yana jiran godiya. A wurinsu ciyawa ce, sunan da suke kiranta ma wai ciyawar alade. Abincin nawa! Na haɗiye abin da ke bakina, na kwashe tarin na tafi gida, na yi miyar alayyafo da gyaɗa na aika masa da ita da tuwon shinkafa. Washegari ya dawo da kwanon a wanke, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce ashe shekara hamsin yana zubar da abinci.

Sau ɗaya a wata, ranar Asabar, ana cin wake a ƙasan benen, da kuɗin da aka tara ake sayen man ɗumama ginin da gyaran rufi. Girkin nasu abin kallo ne. Tun ranar Juma'a maza za su hura wuta a rami har ta zama garwashi, su saka tukunyar ƙarfe cike da wake da maɗi da albasa, su binne ta da ƙasa sai washegari. Matsalar ita ce da kitsen alade ake yi. Na gaya wa Iya a fili, ban yi kwana-kwana ba. Wata mai zuwa sai ga ƙaramar tukunya sabuwa an binne gefe, an ɗaura mata jan ƙyalle a hannu. Ni kuma na sayo wake mai baƙin hanci a shagunan Somaliyawa da ke garin Lewiston, na surfa, na markaɗa, na soya ƙosai. Mutanen da kaka da kakanni suke cin wake duk Asabar, bai taɓa zo musu a rai su niƙa shi su soya ba. Kafin a gama layi na farko faranti ya koma wayam, har da masu tari saboda attaruhu.

Bayan an ci sai a hau sama. Babban ɗaki ne da daɓen katako, kowa ya canza takalmi a ƙofa kada yashi ya kankare shi. Mai goge, mai fiyano, mai jita, da wani kamar sanƙira riƙe da makirufo yana faɗin taku na gaba. Rawar kwantira suke kiranta. Layi biyu ne dogaye suna fuskantar juna, ka juya da wannan, ka wuce ga na gaba, kafin kiɗa ya ƙare ka riƙe hannun kusan kowa a layin. Ba giya ko kurɓi, ruwa ne a jarka. Gogen ne ya fara ba ni dariya. A gidanmu Baba in ya ji sautin goge a rediyo kashewa yake yi, a ganinsa kiɗan 'yan bori ne. Nan kuwa mai gogen tsohon malamin lissafi ne da tabarau a karan hanci.

Wata uku ina zama a benci da mayafina, ina riƙe wa mutane riguna. Duk namijin da ya miƙo hannu sai in dafa ƙirji in girgiza kai. Na yi tsammanin za su ji haushi, sai na ga suna wucewa ga ta gaba abinsu. Amma ƙafata ta ci amanata, Iya ta kama ta tana buga daɓe a ƙarƙashin zani.

A watan Agusta, kafin a fara babbar rawa, sanƙiran ya yi shela cewa zagayen farko na mata ne da yara. Iya ta zo ta tsaya a kaina. Na ce, "Iya, ni fa matar aure ce, rabona da rawa tun dandali." Ta ce ita ma matar aure ce shekara 52, in tashi. Na waiga wajen baban yara, wanda ranar ya zo ɗaukar mu. Ya ɗauke kai yana kallon silin, amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Na yi ta ɓata layi. Ana cewa dama ina yin hagu, na taka wata baiwar Allah sau biyu. Da aka tsaya muna haki, babbar 'yata ta tona min asiri cewa Mama ta iya wata rawa ta garinsu. Haka na tsinci kaina ina koya wa matan Maine gaɗa: su yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta shiga tsakiya, ta saki jiki ta baya su cafe ta su cilla. Mai fiyano ya yi ta neman kiɗan tafin har ya kama. Yara suka yi ta faɗawa suna ihu. Da Iya ta shiga tsakiya ta juya mana baya, mu huɗu muka yi kanta muka riƙe, don an taɓa yi mata aikin ƙugu.

Da aka tashi, kowa ya kama naɗe kujeru. Duk watannin baya in na taɓa kujera sai a ce in zauna, ni baƙuwa ce. A daren nan wata mata ta cusa min doguwar tsintsiya a hannu ko kallona ba ta yi ba, can kuma ta dawo tana min faɗa wai na bar ƙura a bayan fiyano. Na koma na share.

A bakin mota Iya ta zaro takarda daga jaka ta ba ni, ta neman shiga ƙungiya. Ta ce gara in ji daga bakinta, a taronsu na wata-wata akan buɗe Baibul a tsakiyar ɗaki, a yi addu'a kafin a fara. Na riƙe takardar a cinya har muka iso gida. Baban yara ya karanta ta gaba da baya a ƙarƙashin fitilar kicin, ya ninke, ya ce in bari Juma'a ya je Lewiston ya tambayi liman.

Amsar da ya dawo da ita, da abin da Innarmu ta ce da ta ga bidiyon gaɗar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.