Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Teburin Shawara a Hanoi

Makon jiya mun tsaya a filin jirgin Noi Bai na Hanoi, babban birnin Biyetnam, ina riƙe da takardar kama aiki. Yau zan ajiye labarin kaina gefe guda, domin tambayar da ta fi yawa ita ce: shi mai ba ɗaliban Biyetnam shawara kan karatu a waje, me yake yi a kan teburinsa, kuma daga ina takardun ɗalibi suke fara lalacewa?

Kafin baƙo ya gyara na wani, sai ya gyara nasa. Bizar intanet ta kwana 90 da Biyetnam ta buɗe wa kowace ƙasa a watan Agustan 2023 ba izinin aiki ba ce. Kamfanin da ya ɗauke ka shi zai nema maka lasisin aiki, wanda ba ya wuce shekara 2, kai kuma ka kawo digiri, shaidar gogewa, takardar 'yan sanda da ta asibiti. Takardun Najeriya sai ma'aikatar harkokin waje ta buga musu hatimi, ofishin jakadancin Biyetnam da ke Abuja ya ƙara nasa, sannan a fassara su a can. Wanda ya taho bai yi haka ba, sai ya mayar da su gida ya zauna zaman jira.

Ɗalibi ba ya zuwa shi kaɗai. Da uwa yake zuwa, wani sa'in da uba. Ɗalibin zai kira ka "thay", wato malam, kai kuma ka kira shi "em", ƙane ke nan. Yaron ne mai Turanci, amma kuɗi da yanke magana suna hannun uwar, don haka kada a bar shi ya zama tafinta. Duk abin da bai yi masa daɗi ba zai tace shi kafin ya isa kunnenta. A sa abokin aiki ɗan ƙasa ya fassara, a yi tambaya uku tun a zaman farko: wa zai biya, nawa za a iya fitarwa kowace shekara har a gama, kuma me ake so yaron ya yi bayan karatun. Maganar sunan jami'a sai daga baya.

Takardun makaranta ba su da wuyar karantawa. Karatunsu shekara 12 ne, ana ba da maki bisa 10, kuma littafin sakamako na aji 10 zuwa 12, wanda suke kira "hoc ba", shi jami'o'in waje suke fara dubawa. Jarrabawar gama sakandare a watan Yuni ake yi, sakamako ya fito a Yuli, shi ya sa yawancin gurbin da ake samu kafin nan na sharaɗi ne. Sakamakon IELTS, jarrabawar gwada Turanci, shekara 2 yake aiki, a lissafa shi da ranar neman biza, ba ranar neman gurbi ba. Sai a kula da Tet, bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Makarantu da ofisoshin hatimi rufewa suke yi, malamai su tafi garuruwansu, ga shi daidai lokacin wa'adin jami'o'i da dama ke cika. Duk fassara da wasiƙar malami a gama su a Disamba.

Akwai ƙaramin abu mai jawo babbar asara: suna. Sunan zuriya ne ke zuwa farko, na tsakiya ya biyo, na yanka ya zo ƙarshe, kuma kusan mutum huɗu cikin goma Nguyen ne. Ɗalibi ya cika fom ɗin Amurka ya juya su, ko ya rubuta rana kafin wata yadda ya saba, sai takardar I-20, wadda makarantar Amurka ke ba ɗalibi don neman biza, ta fito ba ta dace da fasfo ba. A ajiye fasfon a buɗe kan tebur, a kwafa harafi bayan harafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaidar kuɗi. Kowace ƙasa da ma'auninta. Ostireliya ta kai kuɗin zaman shekara zuwa dalarta 29,710 a watan Mayun 2024, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. Jamus ta sa a kulle yuro 11,904 a asusu daga Satumban 2024, kuma sai takardun ɗalibi sun bi ta ofishin tantancewa na APS da ke Hanoi. Ingila tana son kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ba. Waɗannan lambobi suna motsi, ranar da za a miƙa takardu a sake dubawa.

Matsalar ba rashin dukiya ba ce. Iyalai da yawa suna da ita, amma a fili take, ko a zinariya, ko a shagon da cinikinsa hannu da hannu ne, babu rasit babu banki. Uwa za ta ajiye maka jan littafi, wato takardar haƙƙin fili, ta ce ga arziƙinmu. Jami'in biza kuwa ba fili yake nema ba, kuɗin da za a iya cirewa yake nema, da hanyar da suka shigo. A nan ne masu ba da aron kuɗi suke cin kasuwa: su zuba maka kuɗi na 'yan kwanaki, a buɗe littafin ajiya, a buga takarda, su janye abinsu. Littafin da aka buɗe mako biyu kafin neman biza, da kuɗin da ya ninka abin da iyali ke samu a shekara, shi da kansa yake tona kansa. In aka kama takardar bogi, Ostireliya na iya rufe wa ɗalibi ƙofa shekara 3.

Hanyar da ke ɓullewa tana cin lokaci. A buɗe littafin ajiya wata shida ko fiye kafin nema. A bi kowane babban kuɗi da takardarsa: in fili aka sayar, yarjejeniyar ciniki mai hatimi, in haya ake karɓa, takardar haya da shaidar shigar kuɗin banki, in shago ne, rajistarsa da rasitin haraji. In kawu ne da ke Amurka zai ɗauki nauyi, a haɗa takardun haihuwa da ke nuna dangantakar. A ganina gara a ɗaga tafiya zango ɗaya da a miƙa fayil mai rami.

Masu nufin Japan da Koriya ta Kudu lissafinsu daban ne, kuma da yawansu daga lardunan tsakiya suke fitowa, irin su Nghe An da Ha Tinh. Dillali ya gaya wa iyaye cewa yaro zai yi karatu, ya yi aiki, ya biya bashi, har ya aiko da saura. Ɗauko biro a yi lissafin a gabansu. Japan awa 28 ta yarje wa ɗalibi a mako. A kan yen 1,100 a awa, aikin mako huɗu bai wuce yen 123,000 da 'yan kai ba. Kuɗin makarantar koyon harshe zai cinye wajen rabi, haya da abinci su cinye sauran. Ina na bashin da aka ci da jinginar jan littafi? Sai yaro ya kama aiki biyu, ya riƙa barci a aji, ranar sabunta biza takardun haraji su nuna ya zarce awanni, a ce ya koma gida.

Dole in faɗi wata gaskiya game da sana'ar kanta. Makarantu da yawa suna biyan ofishin shawara la'ada daga kuɗin shekarar farko, kuma sau da yawa wadda ta fi biya ba ita ta fi dacewa da yaron ba. Iyaye su tambayi wace makaranta ce ke biyan ofishin. Wanda ya yi ta kame-kame, an gane.

Sai shirin ganawa. A ofishin jakadancin Amurka na Hanoi ko ƙaramin ofishin birnin Ho Chi Minh, hirar 'yan mintuna ce, bayan an biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta Amurka, da 185 na biza. Ɗaliban nan gwanayen hadda ne, haddar ce kuma ke kayar da su: a canza tambaya kaɗan, sai yaro ya tsaya cak. Ostireliya a rubuce take tambaya tun Maris ɗin 2024, kowace amsa kada ta wuce kalma 150, kuma amsar da aka kwafo daga fayil ɗin wani ba ta ɓuya. Abin da ke aiki shi ne a sa ɗalibi ya bayyana da harshensu tukuna dalilin zaɓen wannan kwas da wannan gari, a ji ko yana da amsar, sannan a koma Turanci.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu leƙa masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc, da yadda Musulmi ke neman abinci a garin da naman alade ke cikin kusan kowace tukunya.