Lambar Dolley Madison da na goge da lemon tsami

Kwanuka na je nema a kasuwar gwanjo da ake ci duk Asabar a unguwarmu nan Amurka, sai na tsaya wajen wani dattijo mai tsofaffin kuɗi, idona ya faɗa kan wata 'yar lamba mai hoton mace an rubuta Dolley Madison. Dala biyar ya ce, na biya ko tayi ban yi ba.

Da na koma gida na bincika ashe iri biyu ce. A 2007 hukumar buga kuɗin Amurka ta fara fitar da jerin lambobi masu hoton matan shugabanninsu, akwai ta zinare rabin oza da aka rubuta dala 10 a jiki, akwai kuma ta tagulla. Tawa tagulla ce, ba shekarar bugawa ba darajar kuɗi a jikinta, ta nan ake ganewa, duk mai saye ya fara duba wannan kafin ya zaro kuɗi.

Amma wallahi bayan lambar ne ya kama ni, saboda labarin da aka zana a wurin. Dolley matar James Madison ce, shugabansu na huɗu. A watan Agusta 1814 sojojin Ingila suna tahowa za su cinna wa White House, fadar shugaban ƙasa, wuta, ita kuma ta ƙi fita sai da ta sa ma'aikata suka fasa firam ɗin babban hoton George Washington, shugabansu na farko, aka cire shi aka gudu da shi, hoton nan har yau yana rataye a gidan. Ni dai matar ta burge ni, mijinta baya nan, ita kaɗai ta yanke shawara.

To sai na ga tagullar ta ɗan yi duhu, na ɗauko lemon tsami da toka yadda Inna take wanke tasa, na dirje ta har ta yi ƙyalli. Satin da ya zagayo na nuna wa dattijon, ya juya ta a haske ya nuna min ƙananan karce birjik a fuskar matar, ya ce duhun nan masu tarawa suna sonsa, wadda aka goge darajarta ta faɗi. Raina ya ɓaci sosai.

Daga baya na sayi ta Martha Washington, matar George Washington, wadda take ɗinka maɓalli a rigar sojan mijinta. Ita kam a gefe-gefe nake riƙe ta, tana cikin robarta, ko ruwa bai taɓa ta ba. Ta Dolley kuma na ba 'yata, tana cikin jakar makarantarta.