"Ai ƙaramin abu ne, ku ɗan ƙara mana"

Shekarun baya an taɓa ɗora min wani aiki a kamfanin da nake, ba zan kama suna ba don har yanzu muna gaisawa da mutanen. Wai a kafa manhajar da za ta riƙa bin kayan da ke sito, me ya shiga me ya fita me ya kusa lalacewa, saboda duk ƙarshen wata in an ƙirga kaya sai ka ga na littafi daban na sito daban kuma ba wanda zai iya ce maka ga inda bambancin ya shige. Muka zauna mu biyar muka ce wata 4 ya ishe mu. Wata 11 muka yi. Kuma wallahi ba wanda ya ci amanar kowa, ba wanda ya yi lalaci, kowa gumi yake, amma ranar da akanta ya baje mana lissafi a teburin mitin sai ga shi kuɗin da aka ce aikin zai tsimin wa kamfani a shekarar farko mun riga mun cinye su tun kafin a kunna abin.

Ga yadda ta faru. Sati na uku manajan tallace-tallace ya leƙo ofis ɗinmu da fara'arsa, ya ce Malam tunda dai kuna ciki ai ƙaramin abu ne, ku ɗan sa mana inda za mu riƙa ganin kwastoman da ya fi ɗaukar kaya. Na ce ba matsala. Bayan kwana biyu 'yan akawu suka ji labari, su ma suna so a haɗa musu da rasit. Sai oga da kansa ya kira ni ya ce yana so ya riƙa gani a wayarsa ko yana kan hanya, to wa zai ce wa oga a'a, na ce an gama ranka ya daɗe. Ko ɗaya cikinsu ba wanda ya nemi abin banza fa, duk abubuwa ne masu amfani. Matsalar dai ba mu taɓa rubuta inda aikin zai tsaya ba, kuma ba wanda aka ce wa ga abin da ƙarin naka zai ci na kwanaki da kuɗi. Ɗan hakin da ka raina ne, guda goma sha wani abu, kowanne da ranar da ya shigo.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne jinkiri baki biyu yake ci da shi. Kowane watan da aka ƙara ana biyan albashin masu aikin da kuɗin ɗan kwangila, wannan kowa na gani. Wanda ba a gani shi ne kayan siton na ci gaba da salwanta a watan, wato asarar da aka tashi magancewa tana nan tana tafiya. Kuma akwai wani ɗan lissafi da akantan nan ya yi min a bayan takarda da har yau ban manta ba, ya ce in ribarku kashi 10 ce cikin 100, duk 1 da kuka ɓarnatar a aikin nan sai 'yan kasuwancinmu sun sayar da kayan 10 kafin a dawo inda ake. Na yi shiru ina kallon takardar. Mu a namu ofis ɗin muna cewa sati biyu ne kawai aka ƙara, can a ɗaya ɓangaren sati biyun nan cinikin da wani zai yi ta wahala a kansa ne.

Muna da jadawali fa, kar ku ce ba mu shirya ba. Irin zanen nan mai dogayen sanduna a kwance da ke nuna wane aiki zai fara yaushe ya ƙare yaushe, wanda ake kira da sunan Henry Gantt, injiniyan Amurka da ya yaɗa shi a shekarun 1910. Mun buga shi da kala mun liƙa a bango, baƙo in ya shigo sai ya yaba. Amma namu zanen bai nuna wane aiki ke jiran wane ba. A 1957 kamfanin DuPont da Remington Rand suka fito da wata dabara don tsara gyaran masana'antu, a 1958 kuma sojin ruwan Amurka suka yi mai kama da ita a shirin makamin Polaris, kuma gundarin abin ba wuya: ka jera ayyukan da dole sai an gama wannan kafin a taɓa wancan, silsilar da ta fi kowacce tsawo ita ce ainihin wa'adinka. Kwana ɗaya ya zame a cikinta, duk aikin ya zame kwana ɗaya. Wanda ke wajenta kuwa yana da ɗan sarari, ko ya ɗan yi latti ba komai. Mu namu silsilar ta bi ta kan wani aiki mai gundura ne, tantance sunayen kaya, don abu ɗaya sai ka same shi da suna uku a littattafai uku, kuma mutum ɗaya tal muka bar wa shi yana yi in ya samu sarari. Mu kuma muna can muna gardamar kalar maɓalli a wayar oga.

Da wata na bakwai ya kama hankalin oga ya tashi, sai ya ƙaro mana mutum uku. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ko? To ba a nan ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin kwamfuta na IBM, tun 1975 ya yi gargaɗin cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara makarar da shi yake. Dalilin a fili yake, tsofaffin sai sun ajiye nasu sun koya wa sababbin, sannan mutum 5 hanyoyin magana tsakaninsu 10 ne, in sun zama 8 sun koma 28. Na ga wannan da idona, yaron da ya fi kowa sanin aikin ya yi kusan wata yana amsa tambayoyi.

Batun wata 4 da muka yanka tun farko kuwa, na daina jin kunyarsa sosai. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayanin wannan halin a 1979, cewa ɗan Adam in zai ƙiyasta aikinsa yakan hango ranar da komai ya tafi daidai ne, ya mance da yadda irin aikin ya kaya a baya. Shahararren ɗakin wasannin nan na Sydney a Ostireliya an fara shi a 1959 ana sa ran gamawa a 1963 kan dalar ƙasar miliyan 7, ba a buɗe shi ba sai 1973, ya lashe miliyan 102, kuma an soma ginin ne tun ba a kammala zanen ba. Su dai sun samu abin da duniya ke zuwa kallo. Mu lissafin sito muka samu.

Yanzu duk aikin da aka ba ni, kafin jadawali kafin komai, takarda ɗaya nake fara cikewa, shafi ɗaya ba ƙari. Me aikin zai kawo, ƙarin ciniki ne ko ragin kashewa, nawa, daga wane wata, kuma wa zai auna. A ƙasa sai in rubuta abubuwan da ba sa cikin aikin, kuma gaskiya wannan sashen ya fi na saman tsawo. Wa'adi kuma ba na tambayar kowa kwana nawa kake gani, ina tambaya ne wancan karon da muka yi irinsa kwana nawa ya ci. Sannan akwai layin da mutane ba sa son gani, inda nake rubuta sharaɗin da in ya cika za mu dakatar da aikin baki ɗaya. Wannan ya fi komai wahala, don da zarar an zuba kuɗi sai ka ji ana ai mun riga mun kashe da yawa ba a ja da baya. Haka Birtaniya da Faransa suka yi ta zuba kuɗi a jirgin saman Concorde tun yarjejeniyar 1962, ya fara ɗaukar fasinja a 1976, guda 20 kacal aka ƙera, aka ajiye shi a 2003, har sunansa ya zama abin misali a kan wannan cutar. Kuɗin da ya tafi ya tafi, ko an ci gaba ko an tsaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in kuma an riga an tashi to a nemi wuri a zauna.

Masu zuwa da ƙaramin abu kuwa har gobe suna zuwa, kuma ba na ce musu a'a, ban isa ba ma. Sai dai in jawo takardar in ce to Yallaɓai wannan zai ci kwana 9, wanne za mu cire a madadinsa, ko kuwa a ɗaga wa'adin ka sa hannu a nan. Makon jiya ma wani ya zo, na miƙa masa biro, ya juya shi a hannu ya juya, ya ce bari dai a gama wannan tukuna.