Kwarmi shida a bayan bututun bindiga

A makon da ya wuce na tattara kayana daga ƙaramin shagon gyaran bindigogin farauta inda na yi shekara huɗu ina aiki a jihar Texas ta Amurka. Cikin duk ayyukan da suka bi ta hannuna, wanda har yau ya tsaya mini a rai shi ne bututun wata bindiga mai cin harsashin .308 Winchester, wanda na yanka wa kwarmi shida a bayansa, wato dogayen tsagi a jikinsa ta waje.

Mai bindigar dattijo ne mafarauci, kuma bindigarsa tana tara harsashi biyar cikin rabin inci daga nisan yadi 100, abin da duk mai wannan sana'a ya san ba kowace ke yi ba. Kukansa ɗaya shi ne nauyi, domin gwiwa ta fara hana shi hawan tudu da ita. Maigidanmu ya gaya masa cewa kwarmi zai rage nauyi, ya sa ƙarfen ya riƙa saurin hucewa, har ma ya ƙara wa bututun tauri. Maganganu biyun farko suna da gaskiya daidai gwargwado, amma ta ukun rabin zance ce. Bututu mai kwarmi ya fi siririn bututun da suke nauyi ɗaya tauri, sai dai ba zai taɓa kai taurin da yake da shi kafin a yanke shi ba, tunda ƙarfe aka ɗebe masa.

Babbar matsalar tana can ciki. Zanen murɗen da ke juya harsashi a wannan bututun da botin aka yi shi, wato ɗan curin ƙarfe mai tsananin tauri da ake bi da shi ta cikin ramin, ya danne ƙarfen ba tare da ya yanke komai ba. Wannan danniya takan bar matsi a daskare cikin jikin ƙarfen, kuma ko an gasa shi domin ya saki, wani lokaci saura kan rage. Da zarar an fara sassaƙar baya, ramin yana iya buɗewa kaɗan a daidai inda kwarmin ya bi. Saboda haka ne kamfanin Shilen mai ƙera bututun bindiga, wanda yake nan Texas, ya ce duk wanda ya yi wa bututunsa kwarmi ya fita daga garantinsa. Na san wannan duka. Na faɗa wa maigida sau ɗaya, cikin sanyin murya, ya ce an riga an biya kuɗi, ni kuma na ja bakina na kunna inji.

Aikin ya fita da kyau a ido. Da muka je filin gwaji, harsashi uku na farko suka faɗa kusa da juna, na huɗu ya haura sama, na biyar ya ƙara haurawa, kuma da bututun ya ɗauki zafi sosai sai tazarar ta kusa inci biyu. Da daddare na tura ɗan curin dalma mai laushi da sanda ta cikin ramin domin in gwada faɗinsa, na ji yana tafiya da ƙyar, sai kawai ya sulale a daidai inda kwarmin ya fara. Hannuna ya riga kowane ma'auni gaya mini abin da ya faru.

Washegari maigida ya tsaya gaban dattijon ya ce yaronsa ne, wato ni, ya zurfafa yankan. Na auna kwarmin shida ɗaya bayan ɗaya a gabansu, zurfinsu ya zo daidai da abin da ya rubuta da hannunsa a takardar aiki, amma bai janye maganar ba, kuma daga albashina aka cire rabin kuɗin sabon bututu. Laifin da na yarda nawa ne shi ne shirun da na yi, da kuma rashin tura dalmar kafin yanka, wanda da ya ba ni hujjar yadda ramin yake tun farko.

Daga ranar ban sake yanka kwarmi ba sai na san yadda aka yi zanen ciki, kuma na fi samun natsuwa da bututun da aka yanke zanensa da wuƙa, domin ba ya ɗauke da irin wancan matsin. Duk gargaɗin da zan yi wa na gaba da ni, a rubuce nake yinsa. Dattijon ya dawo bayan wata shida da wata bindigar, ya ce ni yake so in taɓa ta, kuma maigida yana tsaye a wurin lokacin da ya faɗa.