Abin da Numfashi ke Iya Faɗa wa Likita

A shekarar 1971 masanin kimiyya ɗan Amurka Linus Pauling ya nuna cewa iskar da mutum yake fitarwa daga huhunsa tana ɗauke da sinadarai kusan 250. Tun daga lokacin masu bincike suke neman na'urar da za ta karanta waɗannan sinadarai, ta gano ciwon ƙirji ba tare da an ɗebi jini ko an ɗauki hoto ba.

Inda aikin ya kankama sosai shi ne cutar asma. Idan hanyoyin iska suka kumbura, sukan ƙara fitar da iskar naitirik oksaid, don haka sai majiyyaci ya hura numfashi a hankali cikin ƙaramar na'ura na kimanin daƙiƙa goma, ta nuna adadinta. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2011, idan adadin ya haura kashi 50 cikin biliyan a jikin baligi, akwai alamar kumburin da maganin shaƙa yake iya kwantarwa, amma shan taba yana rage adadin, har ya ɓatar da likitan da bai yi tambaya ba. A watan Afrilun 2022 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa ga na'urar InspectIR, wadda ke neman alamun korona cikin ƙasa da minti uku.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarin fuka, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi. Na'urar gwajin tarin fuka ta GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, galibi kaki take buƙata, alhali ƙaramin yaro haɗiye kakinsa yake yi, shi ya sa a yanzu har bayan gidansa ake gwadawa. Numfashi kuwa ba ya gagarar yaro.

Sai dai abinci, magani da hayaƙin girki duk suna sauya sinadaran numfashi. Saboda haka, a ganina, na'urar gwajin numfashi da aka horar da ita da numfashin mutanen Turai tana buƙatar a sake gwada ta a kan matan da ke girki da itace da masu shaƙar ƙurar hunturu, a kwatanta sakamakonta da na GeneXpert, kafin wani asibiti a Kano ko Maraɗi ya dogara da ita.