Kabar gefen sitoma a jikin tsofaffi: ba hanji kaɗai ke shiga ba

A aikin tiyata na saba ganin kaba a gefen sitoma, wato ƙofar da ake fito da hanji ta bangon ciki. Yawanci hanji ne ko kitsen ciki ke kutsawa ta ramin. Amma a jikin tsoho, musamman mace, jijiyoyin da ke riƙe kayan ciki sun saki, sai ka tarar tumbi ya gangaro ya shige, ko maɗaciya idan sitomar a dama take. Shi ya sa ba na saka wuƙa sai na ga hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, muddin halin majiyyaci ya ba da dama.

Idan tumbi ne ya maƙale, alamarsa amai mai yawa bayan cin abinci, alhali jakar sitoma na ci gaba da samun bahaya. Wannan ne ke yaudarar likita, ya ɗauka babu abin da ya toshe. Ina fara zura roba ta hanci a zuƙe abin da ya taru, a yi ƙarin ruwa, a mayar da sinadarin fotasiyam da aman ya kwashe daga jiki. Wani lokaci da tumbin ya sace sai ya koma da kansa, a samu sararin shirya tiyata a natse. Maɗaciya kuwa tana iya murɗewa, jini ya yanke mata, maganinta cirewa.

Jikin tsoho ba ya kuka da wuri. Hanji na iya mutuwa babu zazzaɓi, kuma wasu magungunan hawan jini na hana bugun zuciya tashi. Don haka nakan cire jakar gaba ɗaya, in duba launin sitomar, in zura yatsa. Idan na buɗe cikin na ga hanjin ya yi duhu, ina sassauta ramin da ya shaƙe shi, in lulluɓe hanjin da ƙyalle mai ruwan gishiri mai ɗumi kamar minti goma. Bai dawo ja ba, yankewa ne.

Ɗinke ramin kawai ba ya ƙarko, kabar dawowa take yi. A salon da likitan tiyata Sugarbaker ya bayyana a 1985, ragar tiyata ce ake shimfiɗawa ta ciki, ta zarce bakin ramin da kamar santimita 5, hanjin ya bi tsakaninta da bangon ciki. In hanyar ta matse, hanji zai toshe. In ragar ta daɗe tana gugarsa, tana iya huda shi, bahaya ya riƙa yoyo ta fata bayan watanni ko shekaru. Inda bahaya ya riga ya zube a ciki, ba na saka raga, ɗinki nake yi, gyara na dindindin ya jira tsohon ya murmure.