Jiran da Ba Shi da Wa'adi: Halin 'Yan Gudun Hijira a Ƙasashen Zango

Babu wata dokar ƙasa da ƙasa da ta tilasta wa wata ƙasa ɗauko ɗan gudun hijira daga inda ya fara fakewa domin ta ba shi mazauni na dindindin. Alfarma ce da ƙasashe kaɗan ke yi, kuma waɗanda ake sake tsugunarwa a shekara ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya ba. A ganina, nan ne tushen wahalar masu jira, domin ƙasar da suke zaune tana kallonsu a matsayin masu wucewa, ita kuwa wadda suke sa rai ba ta yi musu alkawarin komai ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta haramta mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari, ta kuma tanadi damar yin aiki, karatun firamare da zuwa kotu. Sai dai Indonesiya da Malesiya, inda dubban mutane ke jira, ba su sa hannu a kanta ba. A Indonesiya, 'yan ƙabilar Hazara daga Afghanistan sun yi ta zanga-zanga saboda wasunsu sun haura shekara goma suna jira, ba izinin aiki, sai ɗan tallafin wata-wata. Al'amarin ya ƙara dagulewa tun da Ostireliya ta ce ba za ta karɓi waɗanda suka yi rajista da UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, a can daga Yulin 2014 ba. Wanda ya iso yana saurayi yanzu magidanci ne, amma bai taɓa karɓar albashi da sunansa ba, kuma idan ya nemi na kansa a ɓoye, yana iya faɗawa hannun jami'an shige da fice.

Ko shirin da Nijar ta karɓi baƙuncinsa a 2017, na kwaso mutane daga wuraren tsarewa na Libiya, ya dogara ne da guraben sake tsugunarwa da ƙasashen Yamma ke bayarwa. Guraben kuwa siyasa ce ke juya su, kamar yadda aka gani a Janairun 2025 lokacin da Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira, har da waɗanda aka riga aka tantance.

Shi ya sa nake ganin ya kamata masu fafutuka su fi matsa lamba a kan izinin aiki da makarantar yara a ƙasar da ake jiran, tunda yawancin masu jiran a can za su ƙare.